Maganin Kaka da Babur ɗin Yaya Taufiq

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Na yi wa Inna ƙarya ranar Asabar, kuma ba wanda ya sani. Na ɗauko ragowar littafina na aji shida, na yage shafukan lissafi, zan rubuta a nan don takarda ba ta yi wa mutum dariya.

Tun bayan ƙaramar sallah aka ɗauke mana wuta a unguwarmu ta Atrone, ba wanda ya san ranar dawowarta. Kafin Baba ya tafi Durbali sayen shanu, ya bar ƙaramin janaretansa da jarkar mai, ya ce a riƙa tayar da shi daga hantsi zuwa la'asar saboda firigo, wato firji. Ba don ruwan sanyi ba. Maganin sugan Kaka Iyatu ne a ciki, 'yan kwalabe biyu. Ni nake yi mata allura safe da yamma, don idonta ba ya ganin layukan sirinji. A asibiti sun ce zafi yana kashe maganin.

Baba yana fita, Yaya Taufiq ya shigo da babur mai lantarki. Wani mai shago ne ya ba shi ya riƙa ɗaukar fasinja. Babur ɗin ba ya shan mai, caji ake yi masa kamar waya. To a ina za a yi cajin, gari ba wuta? A janaretan Kaka. Janaretan kuwa ƙarami ne, ba ya ɗaukar abu biyu. Kullum da rana sai Yaya ya zare wayar firigo ya soka tasa.

Inna ta gani. Amma Yaya ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ko ido ba sa haɗawa. Haka ta taso ta ga ana yi a gidansu. Tun ina ƙarama ni ce bakinta. Ranar Asabar ta ce, "Lubna, je ki ce wa yayanku ya bar firigon nan a kunne, maganin kakarku ne a ciki."

Na je. Yana zaune a zaure da abokinsa Uzairu suna shan shayi. Na tsaya. Bakina ya ƙi buɗuwa. Yaya ya ɗago ya ce, "Bebiya, aiko ki aka yi ko kallon moto kika zo?" Haka yake kiran babur ɗin. Uzairu ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Sai na ji kaina ina cewa, "Inna ta ce abinci ya sauka."

Da na koma ta ce, "Kin gaya masa?" Na ce na gaya masa.

Laraba, 9 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

"Ba ya shan mai!" Sau bakwai na ji Yaya ya faɗa yau. Ya faɗa wa mai sayar da ruwa, ya faɗa wa maƙwabcinmu ta kan katanga, ya faɗa wa Uzairu wanda ya riga ya ji jiya da shekaranjiya.

Jarkar da Baba ya bari ta ƙare. Yanzu Yaya yakan je bakin titi ya sayo mai a kwalba, ya ɗura wa janareta, janareta ya yi ta ihu yana hayaƙi, don a ciyar da babur ɗin da ba ya shan mai. Ni da ban wuce aji shida ba na ga wannan. Shi da ya kai lise, babbar sakandare, bai gani ba.

Ya kuma kafe shi a gindin darbejiya, wurin da Kaka take shimfiɗa tabarmarta. Wai rana tana lalata batir. Kaka ta koma jikin katanga, inda inuwa take ƙarewa kafin azahar. Batir bai son zafi. Tsohuwa da maganinta su kam ƙarfe ne.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da yamma

Da ɗumi na ɗauko kwalbar yau, kamar a aljihun wani ta wuni.

Asabar, 12 ga Afrilu, bayan azahar

Kaka ta yi masa magana da kanta. Ta ce, "Kai maigidan banza, ka kashe mini firigo kana ba ƙarfe abinci. Kashe ni za ka yi ka ci gado?"

Ya ce, "Wane gado, tsohuwa? Carbi da buta? Bari moto ya cika in kai ki yawo bakin kogi, ki ga yadda ake ji da mata."

Ta ce, "Da gaske nake yi, Taufiq."

Ya ce, "Ni ma da gaske nake, matata." Ya ja mata yatsan ƙafa ya wuce.

Abin da ya same ta ke nan. Shekara ashirin da uku tana wasan jika da shi, tana ce masa ɓarawo, tana ce masa rago, yana ramawa. Yau da ta buƙaci ya ji ta, ba wata murya da ta rage mata. Ta bi shi da kallo, sannan ta yi dariya ita ma, don me za ta yi?

Gidan nan mutum uku ne suka san abin da ake ciki. Ɗaya kunya ta ɗaure mata baki, ɗaya wasa ya cinye maganarta, ta ukun kuma ni ce.

Lahadi, 13 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya da rabi

Na gwada wayo. Yana shiga wanka na lallaɓa na soka wayar firigo kusa da tasa. Janaretan ya yi nishi kamar ragon da aka danne, ya yi tari sau biyu, ya mutu.

Ya fito da kumfa a kunne. "Wa ya taɓa mini gurub?" Janareta yake nufi. Ya kalle ni. "Ke ce ko? Kin san abin nan idan ya ƙone ko sayar da ke aka yi ba za ki biya shi ba? Kalas, magana ta ƙare, kada in ƙara ganin ƙafarki a nan."

Inna tana bakin murhu, ta juya mana baya tana tuƙa tuwon da ya riga ya tuƙu.

Ai lokacin ne ya kamata in ce masa, maganin Kaka ne. Kalma uku. Na tsaya ina kallon kumfar kunnensa har ta bushe.

Talata, 15 ga Afrilu, da hantsi

Inna tana fushi da shi, shi kuwa bai ma sani ba. A wurinta ta aika masa saƙo ya take. Jiya tana zuba masa abinci tana magana da tukunya: "Mutum ya yi gemu, ya fi ƙarfin saƙon uwarsa. To madalla." Ba za ta sake aikawa ba. Na san ta. Ba ta aike sau biyu.

Baba ya kira da safe. Inna ta ce lafiya lau, kowa lafiya, Kaka lafiya. Ba za ta kai ƙarar ɗan farinta wurin ubansa ba, wannan ma abin kunya ne. Komai abin kunya ne a gidan nan. Ta miƙo mini wayar. Baba ya ce, "Likitar gidanmu, ana yi wa tsohuwa allura kan lokaci?" Na ce e. Ya ce, "Janareta yana tashi?" Na ce e.

Yana tashi mana. Duk unguwa ta shaida yana tashi.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan la'asar

Na fitar da kwalaben daga firigo, tunda cikinsa ya fi ɗaki zafi. Na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma na cusa a yashin gindin randar da Inna ta sayo a Gaoui. Da ɗan sanyi-sanyi. Ban sani ba ko na makara.

Kaka tana shan ruwa kamar ana zuba shi a rami. Kofi biyar kafin azahar, kuma duk bayan ɗan lokaci sai na riƙe ta zuwa bayan gida. Ta ce zafin gari ne. Inna ma ta ce zafin gari ne. Sun kalli juna suka kau da kai.

Shi kuwa ya saya wa babur ɗin rigar kujera ja mai geza. Ya tambaye ni ko ta yi kyau. Na ɗaga kai. Ta yi kama da abin da ake ɗaura wa jaki ranar kasuwa.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da safe

Kaka ba ta zagi kowa ba yau. Ko Yaya da ya ce mata "matata" ba ta tanka ba.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Ba zan iya rubutu ba yau.

Asabar, 19 ga Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya, a barandar asibiti

Jiya bayan an sauko daga masallaci na kai wa Kaka kunu na tarar ba ta gane ni ba. Idonta a buɗe, bakinta a bushe, tana numfashi da ƙarfi. Na yi ihu. Ban san ina da murya irin wannan ba.

Yaya ne ya sungume ta. Ya ɗora ta a babur, na hau baya na rungume ta a tsakaninmu. Inna ta biyo mu har bakin titi ba ko takalmi. Zan rubuta gaskiya ko da ba na so: babur ɗin ya yi gudu, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Ba ƙara, ba komai, sai iska da numfashin Kaka a wuyana. Yaya yana ta cewa, "Riƙe ta, Lubna, riƙe ta da kyau." Rabon da ya kira ni da sunana har na manta.

Batir ɗin a cike yake taf. Na san da me aka cika shi.

Muna isa asibiti suka sa mata ruwa a hannu. Wata nas mai suna Na'ima ta ce a kawo maganin da ake yi mata a gida. Dama na taho da shi a ƙulle a bakin zanena. Ta ɗaga kwalbar wajen taga, ta jujjuya, ta ce, "Wannan ai ya mutu. Kwana nawa kuna yi mata allurar ruwa?" Da Larabci ta yi maganar, da ƙarfi, duk ɗakin aka ji. Ta ce, "A ina kuke ajiye shi?"

Yaya ya ce, "A firigo, madam. Muna da gurub a gida."

Ta juyo gare ni. "Ke ce mai yi mata allurar?" Na ɗaga kai. "Firigon yana aiki kullum?"

Na kalli ƙasa. Akwai wani tsage a simintin, na bi shi da ido har ƙarƙashin gado.

Yaya ya ce, "Ba ta magana, madam. Kunya gare ta."

Nas ɗin ta ce rashin wutar nan zai ƙarar da mutane, ta tafi. Shi ke nan, an sami mai laifi. Wuta ce, ita kuwa ba ta da gida balle a je a same ta.

Ni na fi kowa ba kaina haushi.

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan magariba

Baba ya dawo. Daga tasha asibiti ya wuce, ƙurar hanya a gemunsa. Kaka ta farfaɗo, har ta ce masa ya rame kamar shanun da yake saya.

A gida ya dafa kan Yaya a gaban kowa ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ba don kai da moton nan ba, da yanzu wani zancen ake." Yaya ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Uzairu yana gefe yana ba da labarin tafiyar da bai je ba. Da farko ya ce minti ashirin suka yi. Da maƙwabta suka ƙaru ya koma minti goma. In aka kai Juma'a tashi sama babur ɗin zai yi.

Mata suna shigowa yi wa Inna barka. "Kin haifi ɗa." Inna ba ta amsawa, ai ba a amsa yabon ɗan fari. Wannan karon kunyar ta yi mata rana.

Baba ya kawo sabon magani, kwalba biyu, a cikin ƙanƙara. Ya sa a firigo da hannunsa, ya ce, "Lubna, amanarki ce." Na ce to.

Alhamis, 24 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

An sallamo Kaka jiya. Kwana uku ke nan firigo yana aiki tun hantsi. Na buɗe na taɓa kwalbar, sanyi har cikin farce.

Yaya yana kai babur ɗin caji unguwar Chagoua, wurin wani mai sola. Ba wanda ya ce masa ya yi. Ya mayar wa Kaka da gindin darbejiya ma. Ɗazu na gan shi zaune kusa da ita yana yi mata fifita, tana barci, ba ya wasa, ba ya komai. Ya daɗe yana kallon hannunta inda aka sa ruwa.

Ashe ya sani. Na yi ta zaton wauta ce kawai. Ban san wanne ya fi muni ba.

Ko dai ya gane ne, in bar maganar ta mutu?

Asabar, 26 ga Afrilu, da yamma

Ya fara ƙorafi. Chagoua nisa, layi tsawo, mai solar yana fifita 'yan unguwarsu, shi kuma fasinja suna wuce shi. Ba da kowa yake ba, da iska yake magana, amma a tsakar gida, kusa da janareta.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan la'asar

Ya zare wayar firigo.

Baba tun asuba yake fita mahauta, sai magariba. Ƙarfe goma sha biyu Yaya ya turo babur ɗin, ya waiga hagu da dama, ya ga ni kaɗai ce a wurin, wato ba kowa. Ya ce, "Awa ɗaya kawai. Firigo yana riƙe sanyi, kimiyya ce, ba za ki gane ba."

Awa ɗayan nan har aka kira la'asar ba ta cika ba.

Kwana tara. Iyakar abin da tsoronsa ya kai ke nan. Ko zazzaɓi ya fi haka daɗewa a jikin mutum.

Litinin, 28 ga Afrilu, da hantsi

Na gaya wa Inna.

Muna tsince shinkafa. Ban ɗago ba na ce, "Inna, saƙon nan na ranar Asabar, na firigo. Ban faɗa masa ba. Cewa na yi abinci ya sauka."

Hannunta ya tsaya a cikin faranti. Na jira mari. Na so ma ta mare ni.

Ta ce, "Bai ji ba ke nan?"

Na ce bai ji ba.

Sai ta sauke numfashi, fuskarta ta saki. "Alhamdulillahi. Ni dai na ce ba zai take maganata ba." Abin da ta fara faɗa ke nan. Ba ta ce Kaka ta kusa mutuwa ba. Ba ta tambaye ni me ya hana ni ba. Ɗanta bai raina ta ba, sauran duk mai sauƙi ne.

Na ce, "Jiya ma ya zare."

Ta ce, "Na gani." Ta ci gaba da tsintar shinkafa. Can ta ce, "To yau in ya dawo, ki je ki ce masa na ce ya bari. Ki faɗa da kyau wannan karon."

Daga murhunta zuwa janareta taku goma sha biyu ne, na ƙirga. Tana da ƙafa, tana da baki, ita ta haife shi. Amma ni za a tura, ni da ya ce wa Bebiya. In na ce "Inna ta ce", zai bari kwana biyu don kunyarta, rana ta uku ya duba hagu da dama, ya ga ba ta kallo, don ba ta taɓa kallo ba. Sai in koma jiran wani saƙon da ba za a aiko ba.

Na ce mata to.

Litinin ɗin dai, ƙarfe ɗaya da kwata

Ya zo ya soka babur ɗinsa, ya tafi masallaci shi da Uzairu.

Na zare wayarsa. Na naɗe ta da kyau na rataya a hannun babur ɗin, ban yar a ƙasa ba. Na soka ta firigo, na sa kunne a jikinsa har na ji ya ɗauka. Na ɗauko kujerar tsakar gida na ajiye a gaban soket ɗin, a kanta nake wannan rubutun. Hayaƙi yana shiga mini ido, rubutun duk ya karkace.

Kaka tana kallona daga gindin darbejiya. Ta tashi zaune ta gyara ɗankwalinta.

A nan zan zauna yau har la'asar, gobe ma haka, har ranar da wuta ta dawo. In ya ɗaga ni zan dawo. In ya yi ihu ya yi, janareta ma ihu yake yi. In Baba ya dawo ya tambayi abin da ya haɗa mu, zan faɗa masa tun daga farko, har da nawa.

Na san abin da Yaya zai fara tambaya. Zai ce, wa ya aiko ki?

Zan ce ba kowa.